Tumbin Siminti: Yadda Kashin Shanu Ke Zama Wutar Girki

Gabatarwa

Garin Sheme yana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan babban titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, daidai inda hanyar Ƙanƙara ta rabu. Ƙasa ce ta noma da kiwo, inda ake samun masara da dawa da auduga da waken soya, ga kuma shanun huɗa a ɗaure a gidajen manoma. Kamar yadda yake a sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, yawancin tukwanen da ake ɗorawa a Sheme a kan murhun itace suke hawa, itacen kuwa daga daji yake fitowa.

A ƙarshen watan Agustan 1921 babu wanda zai yi zaton daji zai gagari mai neman itace, amma shekara ɗari bayan haka abin ya tabbata. A shekarar 2021, saboda matsalar tsaro, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Wannan mataki ya fito da wata gaskiya fili: wutar girkin jama'a ta dogara ne ga daji, dajin kuma ba kullum yake shiguwa ba. Kananzir da gas na tukunya, waɗanda ake iya komawa gare su, sun ƙara tsada bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

To, amma a bayan gida, a gindin turke, akwai wani makamashi da ake sharewa kowace safiya. Masana kimiyya sun daɗe da gano cewa kashin shanu da sauran dattin da ke ruɓewa suna fitar da iska mai kama wuta idan aka tsare su a wurin da iskar waje ba ta shiga. Wannan iska ita ake kira bayogas.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Tumbi

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bayogas ita ce a dubi saniyar kanta. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da ƙarfin kanta. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, suke zaune a tumbinta suna yi mata wannan aiki. A cikin tumbi akwai ɗumi da laima, babu kuma iskar oksijin da mutum ke shaƙa. A yayin aikin nasu ƙwayoyin suna fitar da iskar da ake kira miten, wadda saniya ke fitarwa ta hanyar gyatsa. Idan ta yi kashi, wasu daga cikin ƙwayoyin suna biyo shi, tare da ragowar abincin da bai gama narkewa ba.

Rumbun gas, wato ramin da ake ginawa don samar da bayogas, kwaikwayon wannan tumbi ne da bulo da siminti. Ana dama kashi da ruwa a zuba ciki, a rufe ruf, sai ƙwayoyin su ci gaba da aikin da suka faro a cikin saniya. Aikin yana tafiya ne hawa huɗu, kowane rukuni na ƙwayoyin yana cin abin da na gabansa ya bari.

A hawa na farko, wasu bakteriya suna farfasa manyan sinadarai, irin su sitaci da furotin da kitse da zaren ciyawa, su mayar da su ƙanana masu narkewa a ruwa. A hawa na biyu, wani rukuni yana mayar da waɗannan zuwa asid iri-iri, kamar dai yadda gasarar koko ke yin tsami idan ta kwana. A hawa na uku, ana juya waɗannan asid su koma asid irin na khal, tare da haidirojin da kabon dayokzayid. A hawa na huɗu ne masu samar da miten ke karɓar aiki, su mayar da abin da aka miƙo musu iska mai kama wuta.

Waɗannan na ƙarshe su ne mafiya rauni. Da can an ɗauka bakteriya ne, sai a 1977 wani masani ɗan Amurka, Carl Woese, ya nuna cewa suna cikin wani jinsi na daban da ake kira arkiya. Oksijin guba ne a gare su, ba sa jure tsami, kuma hayayyafarsu a hankali take tafiya. Sun fi walwala idan zafin rumbu ya kai digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin santigireti, ma'aunin tsami na pH kuma yana kusa da 7.

Iskar da ke taruwa a saman rumbu haɗi ce. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari miten ne, mafi yawan abin da ya rage kabon dayokzayid ne, sai ɗan tururin ruwa da ɗan haidirojin salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Miten ɗin ne ke kama wuta, harshensa shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ya kuma baƙanta tukunya.

Daga Fadamar Italiya Zuwa Sakkwato

A 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya lura da kumfar da ke tasowa daga taɓon bakin tafkin Maggiore. Ya tara iskar a kwalba, ya gwada, ya ga tana kama wuta. A 1895 an kunna fitilun titi a garin Exeter na Ingila da gas ɗin da aka samu daga ruwan masai. Amma ƙasashen da suka kai fasahar gidan talaka su ne Indiya da Sin.

A Indiya, Jashbhai Patel ya ƙera rumbu mai murfin ƙarfe a farkon shekarun 1950. Murfin kamar kifaffen duro yake, yana iyo a kan damammen kashi, ya ɗaga idan gas ya taru, ya sauka idan an yi amfani da shi. Amfaninsa shi ne mai gida yana ganin yawan gas ɗinsa da ido, aibinsa kuma ƙarfe yana da tsada, yana kuma yin tsatsa. Mutanen Sin sun bi wata hanya, suka riƙa gina rumbu mai rufin ƙubba a ƙarƙashin ƙasa, ba tare da ƙarfe ba. Idan gas ya taru a ƙubbar sai ya danna damammen kashin ya tura shi wani ƙaramin ɗaki na gefe, nauyin abin da aka tura kuma shi ke koro gas zuwa murhu. An gina miliyoyin irinsa a ƙauyukan Sin tun daga shekarun 1970. A 1984 Indiyawa suka fito da nasu samfurin mai ƙubba, mai rahusa, suka sa masa suna Deenbandhu, wato abokin talaka.

A Afirka ma an ga amfaninsa. A Ruwanda an gina manyan rumbuna a gidajen yari, inda masan fursunoni ke samar da wani kaso na wutar dafa abincinsu, aikin da ya sami lambar yabo ta Ashden a 2005. A 2009 aka ƙaddamar da shirin rumbunan gida a ƙasashe irin su Habasha da Kenya da Yuganda da Tanzaniya da Burkina Faso. Misalin Burkina Faso ya fi kusa da ƙasar Hausa, domin yanayin rani da damina da salon kiwonsu duk sun yi kama da na nan.

A arewacin Nijeriya, wurin da ya fi shahara da wannan bincike shi ne Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masananta sun gwada kashin shanu da na kaji da na wasu dabbobi da ciyayi, don gano wanda ya fi ba da gas a yanayin ƙasar nan. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya shugabanci cibiyar, daga baya ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Nijeriya. An kuma gina rumbunan gwaji a Zariya, a gidan yari da kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika. A Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa. Ke nan ilimin yana kusa, abin da ya rage shi ne ya sauka daga jami'a zuwa tsakar gida.

Lissafin Gida Ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, wajibi ne a yi lissafi. Ana auna gas da kubik mita, wato lita 1,000, daidai da cikin duro biyar masu lita 200. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin lita 40 na gas. Saboda haka ana bukatar kilo 25 don samun kubik mita ɗaya. Girkin mutum ɗaya a yini yana cin kimanin rubu'in kubik mita.

A ɗauki gida mai mutum 8. Bukatarsa kubik mita 2 ce a yini, wato kashi kilo 50. Ana dama kashi da ruwa daidai wa daida, don haka sai an tanadi ruwa lita 50, jarka biyu ke nan masu lita 25, kowace rana. Damammen ya zama kimanin lita 100. Yana bukatar ya zauna a rumbu kamar kwana 40 kafin ya ba da mafi yawan gas ɗinsa. Idan aka ninka 100 sau 40 an sami lita 4,000. A ƙara wurin da gas zai taru, sai a ga rumbu mai kubik mita 6 ya dace da gidan.

Shanu nawa ne za su ba da kilo 50? Saniyar gida tana yin kashi kimanin kilo 10 a yini. Idan a turke take wuni ta kwana, shanu biyar sun isa. Idan kuwa kiwo ake kai su, sai dare suke dawowa, kusan rabin kashin a daji yake zubewa, sai an ninka yawansu. Wannan ne ya sa shanun huɗa da na kiwon turke suka fi dacewa da rumbu fiye da garken da ke yawo. Manomi mai bijimai biyu ba zai dafa abinci uku da gas ba, amma zai iya samun na girki ɗaya da dafa ruwan zafi. Yana kuma iya ƙarawa da kashin kaji da ruwan wanke hatsi da ragowar tuwo da ɓawon kayan miya. Abin da mahauta ke zubarwa daga tumbin dabba yana da kyau ƙwarai, domin cike yake da ƙwayoyin da ake bukata.

An ƙiyasta cewa kubik mita ɗaya na bayogas yana maye gurbin itace kimanin kilo uku da rabi a murhun gargajiya. Gidan da ke samun kubik mita 2 a yini zai rage ƙona itace kilo 7 kullum, wanda ya haura kilo 2,500 a shekara.

To, Ina Rabon Gona?

Tambayar da manomi zai fara yi ita ce ta taki. A yankin da ake noma masara, amalanken taki dukiya ne, musamman da buhun takin zamani ya yi tsada. Idan rumbu zai cinye kashin, gona ta yi asara.

Amsar tana cikin sinadaran gas ɗin kansa. Miten da kabon dayokzayid sun ƙunshi kabon da haidirojin da oksijin ne kawai. Abubuwan da shuka ke nema, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam, waɗanda ake rubutawa NPK a jikin buhu, suna nan a cikin damammen da ke fitowa ta ɗaya bakin rumbu. Hasali ma wani kaso na naitirojin ya koma siffar da saiwa ke saurin sha. Warinsa ya ragu, ƙudaje ba sa binsa kamar ɗanye, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ke ciki kuma sun mutu ko sun yi rauni. Sai dai idan aka shanya shi a rana tsirara naitirojin yana tashi ya bi iska. Ya fi kyau a kai shi gona da laimarsa, ko a tara shi a rami mai inuwa a cakuɗa da kara da ganye.

A nan bambancin yake da ƙona kandilo, wato busasshen kashin shanu. Wanda ya ƙona kandilo ya sami wuta ya rasa taki. Mai rumbu kuwa ya ci moriyar kashi sau biyu, da farko a madafa, daga baya a gona.

Akwai kuma ribar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar cututtukan huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Mata da yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙarsa. Ban da haka, miten da ke tashi daga tulin kashi mai laima yana riƙe zafin duniya fiye da kabon dayokzayid sau 28 a tsawon shekara ɗari, don haka ƙona shi a murhu ya fi barinsa ya bi iska.

Abin da Ke Kashe Rumbu

A ƙasashe da yawa an gina rumbuna, aka yi bikin buɗewa, bayan 'yan shekaru suka koma kufai. Babban dalili shi ne an ɗauke su tamkar inji, alhali kiwo ne. Abin da ke ciki mai rai ne, yana bukatar ci da sha kullum, kamar dabbar turke.

Matsala ta farko ruwa ce. Jarka biyu a yini ba wani abu ba ne da damina, amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, nauyi ne. Ana iya rage shi ta hanyar dama kashi da fitsarin shanu, idan an dafe turken da siminti, ko da ruwan wanke hatsi. Ruwan sabulu mai yawa da maganin ƙwari da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba sa shiga rumbu.

Ta biyu sanyin hunturu ne. A Disamba da Janairu zafin dare yana sauka ƙwarai, ƙwayoyin su yi kasala, gas ya ragu. Gina rumbu a ƙarƙashin ƙasa, a wurin da rana ke bugawa, yana taimakawa, haka ma dama kashi da ruwan da ya sha rana.

Ta uku ita ce cika ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka antaya wa rumbu ragowar abinci mai yawa lokaci ɗaya, masu samar da asid sai su tsere wa masu samar da miten, rumbu ya yi tsami, wuta ta ƙi kamawa. Maganinsa shi ne a dakatar da zubi na 'yan kwanaki, sannan a koma da ɗanyen kashin shanu kaɗan-kaɗan. Haka nan sabon rumbu yana bukatar a fara shi da ɗanyen kashi ko damammen tsohon rumbu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta huɗu gini ne. Tsaga ƙanƙanuwa a ƙubba ta isa ta zubar da gas duka. Sai an sami magini wanda ya koyi wannan aiki musamman, wanda kuma za a same shi idan gyara ya taso. Tururin da ke cikin gas yana zama ruwa a bututu ya toshe shi, don haka ake sa ɗan famfon zubar da ruwa a inda bututun ya fi gangarawa.

Ta biyar ita ce dabbobin kansu. Satar shanu ta raba gidaje da yawa na wannan yanki da abin turkensu. Inda gida ɗaya ba shi da isasshen kashi, makarantar kwana ko mahauta ko karar shanu ta kasuwa sun fi dacewa da rumbu, tun da datti yana taruwa a can kullum. Sharaɗin shi ne a ɗora alhakin kula da shi a wuyan mutum ɗaya sananne.

Game da haɗari, miten yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki ya kuma haɗu da wuta. Duk wanda ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a madafa, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana. Kada kuma kowa ya shiga rumbun da aka kwashe sai an bar shi ya sha iska sosai, domin iskar ciki tana kisa.

Gwaji a Makaranta

Gani ya kori ji. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya tana iya yin gwaji da robar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda uku. A zuba damammen kashin shanu a ta farko, a zuba kashi da ɗan ragowar tuwo a ta biyu, a zuba ruwa zalla a ta uku don kwatantawa. Kowace a cika ta zuwa kashi uku cikin huɗu, a ɗaura balan-balan a bakinta, a ajiye a wuri mai ɗumi. Ɗalibai su riƙa auna kewayen balan-balan da zare kowace safiya har mako uku, su zana jadawali. Wani rukuni ya ajiye nasa a wuri mai sanyi, a ga bambanci. Iskar kwanakin farko yawancinta kabon dayokzayid ce, ba ta kama wuta. Ko daga baya ma, ba a kusantar da wuta ga balan-balan. Gwajin kunnawa aikin malami ne, a fili, da tiyo da murhun da ya dace.

Kammalawa

Bayogas ba zai maye gurbin itace a dukan gidajen Sheme ba, domin ba kowa ke da shanu da ruwa da kuɗin gini ba. Amma ga gidan da ke da dabbobi a turke, da makaranta da mahauta, hanya ce ta samun wuta ba tare da shiga daji ba, gona kuma ba ta rasa takinta ba. Abin da fasahar ke nema daga mai ita shi ne abin da makiyayi ya riga ya saba da shi, wato ciyarwa da shayarwa a kan lokaci da lura da lafiyar abin kiwo. Ɗalibin da ya auna kashin da ake sharewa a gidansu na mako ɗaya, ya raba jimillar kilo da 25, ya riga ya san kubik mita nawa na gas ke tafiya juji a banza.